Koke Zuwa Fadar Sarkin Tsuntsaye

Allah ya ja zamanin Sarki,

Masu motoci na birni da ƙauye suna gaisuwa, suna ƙara gaisuwa. An daɗe ana gardama kan wanda za a miƙa wa wannan takarda, wasu suka ce jimina ce a kan karaga, wasu suka ce mikiya. Daga ƙarshe aka tsaya kan jimina, don ita ce ake iya samu a ƙasa, kuma ba a taɓa kama ta a kan rufin motar kowa ba.

Ƙarar talakawan Sarki aka kawo. Magidanci zai biya mai wankin mota da sassafe, a goge masa ita har yana ganin fuskarsa a jikin ƙofa. Ya isa wurin aiki, rana ta take, ya lallaɓa ya sa ta a gindin darbejiya. Kafin la'asar an yi mata ado da fari da baƙi tun daga bonet har but. Tattabaru da kurciyoyi sun yi nasu, hankaka ya zo ya sa hannu. Wanda kuwa tsautsayi ya sa motarsa ta kwana ƙarƙashin itacen da balbelu ke kwana, da safe sai ya duba lamba kafin ya yarda tasa ce.

Da a ce ƙazanta ce kawai da an yi haƙuri, ruwa da omo sun wadatar. To amma masana sun ce tsuntsu ba ya fitsari daban kashi daban, ƙofa ɗaya ce, tare suke fita. Farin nan da ake gani shi ne fitsarin, wani sinadari ne mai suna yurik asid wanda da ƙyar yake narkewa a ruwa, shi ya sa yayyafi ba ya wanke shi, waifa kuma sai dai ta shafe shi a gilashi kamar mai yaɓen ɗaki. Abin mamaki, an ce jimina ce ta fita daban a cikin tsuntsaye, tana fitar da fitsarinta shi kaɗai. Ashe dai tarbiyyar fada ba ta kai ga talakawa ba.

Sauran ɓarnar rana ke ƙarasa ta. Kamfanin Autoglym na Ingila, mai yin man goge mota, ya bayyana cewa fenti kan yi laushi ya buɗe idan ya sha zafi, kashin kuma ya bushe ya ƙame a kansa. Da sanyin dare ya sauka sai fentin ya tsuke, ya ɗauki siffar abin da ke bisansa. Ko an wanke daga baya, tabon yana nan. Har ta kai kamfanin Ford yana haɗa kashin tsuntsu na jabu a ɗakin gwaji, ya fesa a kan ƙarfe mai fenti, ya gasa a zafin digiri 40 da 50 da 60 don ya ga ƙarfin fentinsa. Sarki ya duba: mutum ya yi shekaru a jami'a, ga shi ana biyansa albashi don ya kwaikwayi abin da kurciya ke yi kyauta.

Akwai kuma zargin son kai. A 2012 kamfanin Halfords ya sa aka ƙirga motoci 1,140 a birane biyar na Birtaniya, aka tarar jajaye sun fi shan wahala, kashi 18 cikin ɗari, koraye kuwa kashi 1 kacal. Masu jajayen motoci suna neman bayani. Mai wannan rubutu dai bai gamsu ba, yana ganin inda aka ajiye mota ya fi launinta tasiri, amma an ce ya rubuta, ya rubuta.

Sai masu faɗa da madubi. Lokacin sheƙa namijin tsuntsu kan hango kansa a madubin gefe, ya ɗauka wani ƙato ne ya shigo masa gida. Ya wuni yana sara, abokin gaba bai gudu ba, shi ma bai gaji ba, shaidar yaƙin kuma tana gangarowa a jikin ƙofa.

Kada Sarki ya zaci an zauna ne hannu rungume. An rataya tsofaffin fayafayen CD suna walƙiya. An sayo mujiyar roba an kafa, an shimfiɗa macijin roba a kan rufi, an ɗaura ledoji a rassa kamar gonar gero lokacin jan baki. Kwana biyu ko uku abin kan yi aiki. Daga nan talakawan Sarki su lura cewa wannan mujiya ba ta ƙifta ido, ba ta sauya wuri, sai a wayi gari hankaka na zaune a kanta yana gyara fiffike. Masu dabara sukan riƙa matsar da ita kullum, wato mutum ya sayi mai gadi ya koma yi masa hidima.

Manyan birane ma da kuɗinsu ba su tsira ba. Duk hunturu wasu ƙananan baƙaƙen tsuntsaye da Italiyawa ke kira storni sukan taso daga arewacin Turai su sauka birnin Rum, dubban ɗaruruwa, wata shekarar har su haura miliyan. Da rana su bazu karkara su ƙoshi da zaitun, da almuru su dawo su kwana a itatuwan bakin kogin Taiba. Kashin wanda ya ci zaitun kuwa maiƙo gare shi. Mutanen unguwar kan fita da lema ba hadari ba gajimare, motar da ta kwana a nan ta tashi kamar an juye mata kunu. A farkon 2016 ruwan sama ya haɗu da abin da ya taru a kwalta, santsi ya yi ta kayar da masu babura, dole hukuma ta rufe wani sashe na titin aka wanke. Ma'aikata kan fito da magariba cikin fararen rigunan kariya, riƙe da lasifika mai fitar da kukan tsuntsun da ke cikin haɗari. Garken ya tashi fuu, ya sauka a unguwar gaba. Landan kuwa a 2003 ta hana ciyar da tattabaru a dandalin Trafalgar, ta kuma ɗauki shaho aikin sintiri, kuma can an ga sauƙi, saboda abincin aka janye.

Masu zafin kai sun kawo shawarar danƙo da guba, taro bai karɓa ba. An tuna musu da ƙasar Sin a 1958, lokacin da aka yi wa gwarare gangami, jama'a suka yi ta kaɗa ganguna da tukwane har tsuntsayen suka riƙa faɗowa don gajiya. Fara da sauran ƙwari suka samu sarari a gonaki, abin ya ƙara wa yunwar shekarun nan muni, a 1960 aka cire gwara daga jerin abokan gaba.

Kuma ba a raina hajar ba. Mai lambu ya san darajar kashin tattabara. Amurka ta kafa doka a 1856 don 'yan ƙasarta su mallaki tsibiran da kashin tsuntsayen teku ya taru, Sifaniya kuma a 1864 ta mamaye tsibiran Chincha na ƙasar Peru, inda a lokacin yake jibge kamar duwatsu. Taki ne na gaske, wurin saukewa kawai ake kuskurewa. Bonet ba ya tsiro.

Gaskiya ɗaya masu ƙara suka amsa, ba da son ransu ba: itacen gidan tsuntsu ne tun kafin a ƙera mota, mai mota ne ya zo cin arzikin inuwa. Don haka sun ɗauki nasu alkawarin. Za su duba ƙasa kafin su tsaya, in ta yi fari su matsa gaba. Za su guji gindin wayar lantarki da bakin bola. Mai hali zai kafa rumfa, mara hali ya sayi tampol, madubi kuma a naɗe shi ko a sa masa tsohuwar safa. In ɓarna ta auku, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma na 'yan mintuna har ya yi laushi sannan a ɗauke a hankali, ba a kankare shi a bushe, don akwai tsakuwa da ƙwallon 'ya'yan itace a ciki masu karce fenti.

Abin da ake roƙon fada kaɗan ne. A yi shela ga balbelu da tattabaru su ɗaga wa motar da aka wanke ƙafa, ko da na wuni ɗaya ne, su kuma bar gilashin gaba ɓangaren direba. In Sarki ya ga dama ya amsa, a aiko da amsar ta bakin aku. Kada a rubuto ta a kan mota.

Masu biyayya,
Masu motoci, daga gindin darbejiya