Aljanin Amurka bai san Hamdara ba

Samarin Hamdara sun samo fim ɗin The Conjuring a katin waya, wanda James Wan ya shirya a 2013. Miji da mata da ƴaƴa mata biyar sun tare a wani tangamemen gida a Rhode Island. Kowane agogo sai ya tsaya ƙarfe 3:07 na dare. Ƙofa na buɗe kanta. Yarinya na barci ana jan ƙafarta.

To, laifin wa? Mutum bakwai a gidan da zai ci dangi arba'in! Ba kaka, ba baƙon Mirya da ya zo kwana biyu ya yi damina. Ɗakuna fayau. Wane aljani zai ƙi masauki kyauta?

Ya zo nan ya gwada. Yara takwas kan tabarma guda, ƙafa goma sha shida. Duk wadda ya ja, na kusa ne zai sha rankwashi. Ya turo ƙyaure, a ce akuya ce. Agogo kuwa zakara ne, bismilla, ya tsayar.

In ya nace har ya fito fili, Inna za ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ɗan gidan wa ne? Ungo tulu, maza rijiya."