Ranar da Manja Ya Ɗiga a Kujerar Amarya

Daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, da wuya a kai amarya ɗaki ba saitin kujerun leda. Ledar nan roba ce aka shimfiɗa a kan yadi, shi ya sa maiƙo ba ya shiga nan take, yana ɗan jira a sama. A wannan ɗan jiran ake sanin halin mutanen gida.

Akwai mai bincike. Tsumma na gefenta, amma yara ta tara: "Wa yaz zamna nan da ƙosai?" Kafin a saurari shaidu, manja ya rina wurin.

Akwai mai ƙarfin tuwo, da Omo da soson ƙarfe. Tabo yana fita kam, tare da bayan kujerar. Ƙanwarta kuwa ruwa kawai ta sani, alhali ko madatsar Goronyo za ta juye a kai, mai ba ya jin ruwa zalla.

Ɗan kabu-kabu ya fi su haɗari, don shi yana da hujja. Ya taɓa ɗauko jarkar man gyaɗa daga kasuwar Acida, ta yi masa yoyo a sirdi, ya goge da fetur ya fita fes. Gaskiyarsa, fetur na narkar da mai. Abin da ba ya faɗa shi ne yana kuma tsotse sinadarin da ke sa roba laushi. Leƙa sirdin nasa yau: ya tsattsage, soso ya leƙo, an ɗaure da kyauron roba. In ya gama, shawararsa ta biyu a shanya a rana. Ranar Sakkwato, a watan Afrilu!

Baduku ba gogewa ta kawo shi ba, jaje ya zo yi. Zai ce kakanninsa ke ɗinka sirdi tun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na zaune Wurno, inda ya rasu a 1837, kuma fatar jar akuyarmu har Turai ta san ta. Ka ce masa ai fata ta fi leda shan mai, sai ya ce: "Wannan ado na, yaro."

Goggo ba ta cewa komai. Ta dangwale man da tsumma ba tare da ta murza ba, ta barbaɗa sitati ko hodar jarirai, ta bar shi ya kwana. Da safe ta kakkaɓe, ta shafe da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ya bushe a inuwa. Ba mai gode mata, tunda ba a kashe ko sisi ba.

Mafi yawa dai masu rufin asiri ne: filo a kan tabo, shike nan. Baƙo na nufar wurin maigida ya zabura: "Alhaji, dawo nan, ya fi iska."