Malam "I Am Coming" da Sauran Danginsa a Kamazou

Duk wanda ya hau keke napep daga Sabon Tasha zuwa Kamazou, in ya kasa kunne, zai ji harsuna uku suna kokawa a baki ɗaya: Hausa, buroka da Turancin makaranta, ban da Gbagyi ko Jju da ake ajiyewa sai an koma gida. A wannan kokawar, waɗanda suka fi shan kaye su ne lokuta biyu na Turanci, na abin da aka saba yi da na abin da ake cikin yi. A ganina ba jahilci ke kawo haka ba. Hausa tana da su duka biyun, malaman nahawu suna ce musu lokaci sabau da lokaci mai ci, wato "nakan tafi" da "ina tafiya". Sai dai a maganar yau da kullum "ina" ta daɗe da cinye aikin "nakan". Mutum zai ce yana zuwa coci kowace Lahadi, babu mai ce masa uffan. In ya koma Turanci, sai ya tafi da halinsa.

Sarkin masu wannan hali shi ne Malam "I am coming". Galibi tela ne, ko bakanike, ko mai gyaran waya. Kana tsaye a kansa kana jiran ɗinkinka, sai ya miƙe, ya kakkaɓe zare daga cinyarsa, ya dube ka da fara'a ya faɗi kalmomin nan uku, sannan ya ba ka ƙeya ya nufi titin Yakowa. Ginin jimlar ba shi da aibu ko kaɗan, ga "am" a wurinta, ga "ing" a wutsiya, mai duba takardun WAEC ma ba zai rage masa rabin maki ba. Alƙiblar ce kurum ta juya, domin a Ingila mai faɗin haka yana matsowa ne, a Kamazou kuwa yana nisa. Kuma ba don mugunta yake yi ba. Ladabi ne ya hana shi cewa ya tafi ya bar baƙo a tsaye, sai ya ɗauko "ina zuwa" ya sa mata kwat. Abin da ba ya faɗa shi ne yaushe. Masu ƙwarewa sun koyi karanta alamu: in ya bar wayarsa a caji, da sauran fata, in ya ƙara da "just now", ka nemi benci, in kuwa ya ɗauki hula da makullin mashin, ka gaida mutanen gida, sai Litinin.

Mai bi masa shi ne dillalin fili, wanda yake "having" fuloti biyu ta wajen matatar mai, yake kuma "knowing" mai unguwa. Daga "ina da" ya ɗauko ta. Turancin jarrabawa ba ya yarda a liƙa "ing" ga mallaka ko sani, kuma Bature in ya ce yana "having" wani abu, sau da yawa cinsa yake yi, wanda game da wasu dillalan ba ƙarya ba ne. Akwai marowacin "s" mai cewa "she go", da ƙaninsa almubazzari mai raba ta ga kowa har "they goes". Akwai kuma ɗan gudun hijira, wanda da zarar jimla ta yi tsauri sai ya tsallaka buroka, inda "dey" guda ɗaya take ɗauke masa lokutan biyu.

Wani zai ce to a ƙyale su mana, ai ana fahimtar juna, kuma su kansu masu harshen suna taka dokar, tunda a 2003 kamfanin McDonald's ya liƙa wa kalmar so "ing" a tallarsa, duniya ba ta tashi ba. Gaskiya ne a kasuwa. Amma yarinyar da ke neman jami'a tana buƙatar kiredit a Turanci daga WAEC ko NECO, kuma takardar ba ta san tallar ba. Saboda haka gyara wajibi ne, kuma hanyarsa gajeriya ce: a ce wa yaro inda zai iya sa "nakan", kada ya sa "ing", sannan a ware masa 'yan aikatau irin na sani, mallaka da so ya haddace.

Wannan ya kawo mu ga wanda ba ya ba ni dariya: Mai Gyara. Za ka same shi a ajin makarantar kuɗi, a wurin lesin na yamma, wani lokaci a taron ƙungiyar unguwa, inda zai katse dattijuwa tana tsakiyar bayanin rijiyar burtsatse don ta manta "s". (Mu masu yawo da jan biro a aljihu muna da ɗan jininsa, ba sai an tona ba.) Laifinsa ba gyaran ba ne, kunyatarwar ce. Ya hana Hausa a aji, ya sa tara ga mai yin ta, wato ya kulle ƙofar da bayanin zai shigo ta cikinta. Yaro ya yi kuskure, sai ya maimaita jimlar da muryar shaƙiyanci har aji ya fashe da dariya, washegari yaron ya daina ɗaga hannu, shi kuwa ya ɗauka shirun nan ci gaba ne. In wani mai ƙarfin hali ya tambaye shi dalilin da ya sa "I am eating" ta halatta amma "I am knowing" ta haramta, sai ya ce haka Turawa suke faɗa, ya sa monita ya rubuta sunansa cikin masu surutu.