Kariyar Alhaji da Saƙon Gwaggo

Wani sabon yayi ya shigo Sakkwato, ya haye saman motoci ya zauna. Duk wanda Allah ya hore wa Hilux ko Prado ko Land Cruiser, yanzu ba ya jin motar ta cika mota sai ya aza mata kariya baƙa wuluk, mai faɗin rufin gaba ɗaya, da tsani a baya da jerin fitilu a goshi. A gefe guda an ɗaure shebur da bai taɓa shiga ƙasa ba, a ɗaya gefen jarka biyu jajaye, babu ko ɗigon mai a ciki. Idan ka ga motar ta ɓullo daga Gawon Nama sai ka rantse Bilma ta nufa. Bi ta a hankali. Ɗaurin aure za ta a Runjin Sambo, daga can ta biya wurin mai balangu, kafin magariba ta koma inuwa.

A waya aka gano abin. Can Ostareliya da Afirka ta Kudu akwai mutanen da ke aiki Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar su bar gida mai wuta da ruwan famfo, su tafi daji su kafa tanti su kwana, da gangan, ba wanda ya kore su. Su ne kasuwar kamfanoni irin su ARB na Ostareliya, da Front Runner na Afirka ta Kudu, da Thule na Suwidin wanda ke nan tun 1942. Je ka Wurno ka bayyana wa wata tsohuwa cewa mai kuɗi ya biya kuɗi don ya kwana a dawa, ka ji addu'ar da za ta yi masa. Mu a nan, wanda ya kwana a dajin Isa ko Sabon Birni a shekarun nan ba da son ransa ya je ba, wannan kuwa ba abin raha ba ne, mu wuce.

To ina za a kai tantin? Argungu dai kilomita 100 ne ko kusa da haka, kuma kwalta ce. Tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta haifi bikin kamun kifi, Basakkwace ke zuwa Matan Fada, bai taɓa jiran kariya ba. Alhajinmu ko ya je, masauki mai sanyi zai kama a Birnin Kebbi. Madatsar Goronyo kuwa a hoto ya fi saninta. Wurin da motar ke gwada ƙarfinta na gaskiya shi ne lungunan Mabera da damina.

Wajen saye jama'a sun kasu biyu. Akwai masu aikawa Legas ko Dubai a kawo ta alminiyam, su yi wata guda suna nuna wa majalisa hotonta kafin ta iso. Akwai kuma masu cewa me ya yi zafi, su gangara J-Allen wurin mai walda da hoto a waya. Mai walda ya dubi hoton, ya dubi motar, ya dubi agogon hannun Alhaji, sannan ya yanke farashi.

“Yallaɓai, wanga ƙarhe da nika sa maka, ko raƙumi ka aza bisa ba ta ko motsi.”

Gaskiya ya faɗa, kariyar ba za ta motsa ba. Rufin da ke ƙarƙashinta ne ba a yi shawara da shi ba. Kowace mota tana da iyakar nauyin da masu ƙera ta suka ce rufinta zai ɗauka in tana tafiya, kuma ga yawancin motoci abin yana tsakanin kilo 50 zuwa 100. Buhu ɗaya ko biyu ke nan na simintin Kalambaina. Nauyin kariyar kanta yana cikin lissafin, ga ta mai walda kuwa, wadda sai ƙarti huɗu sun ɗaga, tana iya cinye rabin kason tun ba a aza ko tabarma ba. Tantin da ake kafewa a rufi shi kaɗai yakan haura kilo 50. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce cur. Duk wannan yana rubuce a littafin mota, littafin yana akwatin gaba cikin ledarsa, in motar 'yar Beljiyam ce ma da Jamusanci aka rubuta shi, an huta.

Dalilin iyakar ba ɓoyayye ba ne. Mota mai tsawo dama tana da saurin karkata, idan aka tara mata nauyi a ka, kwana ɗaya da gudu ko kaucewa akuya a hanyar Bodinga ya isa ta kwanta. Ko babu kaya ma, kariya tana tare iska, injin ya ƙara shan mai. A Amurka masu bincike na cibiyar Lawrence Berkeley sun yi lissafi, suka ce a 2015 kaɗai kariyoyin motocin ƙasar sun jawo ƙarin shan fetur galan miliyan 100, kuma sun fi yawo babu komai a kansu. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Bambancin dai, tun 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, Alhaji yana kashe na'urar sanyaya mota a zafin Afrilu don tattalin fetur, yana zufa, a samansa kuma yana ciyar da ƙarfen da ba ya ɗauke da komai sai ƙura.

Abin haushin, malaman lodi suna maƙwabtaka da mu. Direban Agadas mai ratsa Tenere zuwa Dirku a Hilux ba ya wasa da tsari: mai da ruwa a ƙasa, jarkoki naɗe da buhu, kaya masu sauƙi a sama. Tseren Paris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ya bi ta Agadas da Yamai, amma tun kafin a haifi kakannin masu tseren Buzaye ke kai ayari Bilma su dawo da gishiri, kaya rabe daidai a kan raƙumi, dama da hagu. Mai jaki da mangala ma ya san wannan karatun.

A babbar tasha kuma wata makarantar ce daban. Ranar Lahadi, kasuwar Illela, je ka kalli Golf da Sharon suna shigowa. But a buɗe an ɗaure shi da robar taya, buhunan albasa sun leƙo, katifa a sama, bisa katifa babur, bisa babur yaron mota yana danna waya. Tun 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra, tun lokacin take wa'azi kan lodin da ya wuce ƙima, direba kuma amsarsa ɗaya: “Allah na tsarewa.” Ka ga rabon Sakkwato ke nan. Mai kaya ba shi da kariyar kirki, mai kariyar kirki ba shi da kaya.

Sai dai rashin kayan ba ya daɗewa, don akwai abin da kamfanin Suwidin bai sa a lissafi ba, wato dangi. Ranar da aka ga ƙarfen nan a kan motarka, labari ya riga ka isa gida. Ka kuskura ka ce a masallaci za ka Kaduna ranar Alhamis. Daren Laraba sallama za ta fara.

“Alhaji, an ce Kaduna za ka. Ɗan saƙo na, ka kai ma ƙanwakka. Bai da nauyi.”

“Gwaggo, motar ta cika, da yara za mu.”

“Awo, na sani. Ai ba ciki nika nuhi ba. Bisa.”

Ɗan saƙon buhun gero ne. Yana da ƙane, buhun albasa, da ƙanwa, jarkar man shanu da murfinta bai zauna ba. Kawu zai aiko da tafarnuwar Wurno. Maƙwabciya tana da 'ya a jami'a a Zariya, “ai hanya ce”, ga bakko biyu da ƙaramin firji. Surukarka, wadda ba ka isa ka ɗaga ido ka dube ta ba balle ka yi mata lissafin kilo, za ta turo turmi, don wai turmin Kaduna ba ya daka fura. Idan layya ta matso, ka shirya wa rago balami, an ɗaure shi ƙafa huɗu yana kallon sama. A da cewa ake zumunci a ƙafa yake, yanzu ya samu tsani ya hau rufi.

Wa zai buɗe littafin mota a gaban gwaggo? Ka ce mata Japanawa sun ce kilo 100, ta ce Japanawan ne suka goye ka da uwarka ta yi ciwo? Tantin da aka sayo da dala shi ake fara saukewa don a sami wuri, a jingine shi a zaure, yara su mai da shi ɗakin 'yar tsana. Shebur ne kawai ke samun aiki, da shi ake kwashe geron da ya zube a Talatar Mafara.

Saboda haka mai neman shawarar wace kariya zai saya, kada ya wahalar da kansa da awon rufi. Ya zauna ya ƙirga gwaggwanninsa, da 'yan'uwan matarsa, da 'ya'yan unguwa da ke karatu a Zariya. In sun haura biyar, ya sayi ƙaramar da ba ta ɗaukar komai sai tsani. Wasu da suka sha wuya sun koma wurin mai walda a ɓoye an kwance musu ita, suka ce wa dangi sacewa aka yi. Bai hana komai ba. Gwaggo ta zagaya motar, ta shafa rufin da tafin hannu, ta juya ta kira jikanta.

“Kai, ɗauko tsohuwat tabarmag ga a shimhiɗa bisa, kada turmin ya kanƙare ma Alhaji fenti.”