Tsarabar da Tsawa Ke Haifarwa

Hafar al-Batin, Saudiyya

Taubashina,

 Ni dai ina nan bayan raƙuman mutane, kai kuwa na san kana gindin bishiya kana ƙirga motocin Maraɗi, ko taya ɗaya ba taka.

Ka ce in nemo maka tsarabar da ba a taɓa gani a Jibiya ba. To na samo, faga'a suke ce mata. Ka ɗauko dankalin da ya sha ƙasa, ba ganye ba saiwa, ka gan ta ke nan. Dangin naman kaza ce, amma cikin yashi take girma, kusa da wata 'yar ciyawa, ragrug. Sai ruwan Oktoba da Nuwamba ya yi kyau, sannan a tono ta daga Janairu zuwa Maris. Larabawan daji sun rantse tsawa ce ke haifar da ita. Da sassafe za ka ga attajiri ya ajiye ƙatuwar mota, ya tattare jallabiya, ya duƙa yana leƙen inda ƙasa ta ɗan tsage. Farar, zubaidi, in ta fara fitowa kilo ɗaya sai ya lashe ɗaruruwan riyal.

Batun magani kuwa ba tatsuniya ba ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya ambaci ruwanta a maganin ido. A 2004 masu bincike a Jodan suka gwada ruwan, suka ga yana daƙile Staphylococcus aureus, ƙwayar cutar nan mai kawo maruru. Busasshiyarta kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar sinadarin gina jiki ne. Amma fa gwajin ruwan nan a ɗakin gwaji aka yi shi, ba a idon mutanen kasuwar Jibiya ba. Na san halinka sarai: yanzu sai ka naɗa rawani, ka shimfiɗa tabarma, ka ce gadon maganin ido ka yi wajen kakanka. Kakan nan namu ɗaya ne, dillalin awaki ne.

A Alba ta Italiya kuwa karnuka ake horarwa su shinshino irin tasu faga'ar. Ka faɗa wa karen gidanku takwarorinsa na ciyar da iyayen gidansu.

Abu ɗaya ne cikas: ba ta jure tafiya, kafin ta iso Magama ta ruɓe. Don haka na cinye rabonka da shinkafa, na yi maka addu'a. Hoton na nan a WhatsApp, ka riƙe a matsayin kuɗin sharar bana. Ka aiko min da daddawa da yajin ƙuli.

Ubangidanka.