Kowa da Irin Kallonsa

Da an kunna fim ɗin soyayya a ƙasar Yankwashi, ko a gidan kallo a Karkarna ko a tsakar gida inda mutum bakwai suka yi wa waya ɗaya rumfa, wasa biyu ake yi, na cikin allo da na kan tabarma. Ni dai na kan tabarma nake bi da ido.

Uwar gayya ita ce Hajiya Ba-haka-yake-a-littafi-ba. Tana budurwa ta karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, aro ta karɓo, ta riƙa ɓoye shi a ƙarƙashin katifa. Tun da aka mai da shi fim a 1994 ba ta yafe wa kowa ba. Sumayyarta ta fi wannan tsawo. Muhammad ɗinta ya fi wannan kunya. Hatta rijiyar da yarinyar ta faɗa don gudun auren Abdulƙadir mai kuɗi, ta rantse ta littafi ta fi zurfi. Ka sa mata Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu ko Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, hukuncin ɗaya ne: 'yan fim sun cinye rabin labarin. In ka yi karambanin cewa, "Inna, ai fim ba ya ɗauke littafi duka," sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Kai an haife ka a lokacin?" Ban ga laifinta sosai ba. Mai karatu shi ke ƙera wa masoyi fuska yadda ransa yake so, darakta kuwa wanda ya amsa kira ran ɗaukar fim shi zai sa.

Kusa da ita akwai Riga-malam-masallaci. Ana tsaka da zullumi zai ce, "Ku kwantar da hankalinku, ba mutuwa za ta yi ba." Ba a gayyatarsa, amma ba a taɓa fara kallo babu shi ba.

Malam Mai-tsaki ba ya zama. A bakin ƙofa yake tsayawa, carbi a hannu, yana faɗin rawar Indiya ta lalata tarbiyya. Sai man janareto ya ƙare, duhu ya rufe, ka ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "Wai an ɗaura auren kuwa?"

Kaka kuma da 'yan fim ɗin take magana kai tsaye. "Ke 'yar nan, namiji ba ɗan goyo ba ne, tashi ki shiga gida!" Ta ga Ali Nuhu da wata a Sangaya, ta sake ganinsa da wata daban a Wasila, tun daga nan take lissafa masa mata. Ta ce yaron nan ya haura huɗu tuntuni, malaman Kano kuwa sun zuba masa ido.

Akwai Alhaji Ma'auni, mai cin kasuwar Babura. Aka sa Devdas na 2002, wanda aka ciro daga littafin Bangali na 1917. Shah Rukh Khan yana cikawa a ƙofar gidan mijin masoyiyarsa Paro, ita tana gudu ana rufe mata ƙofa, ɗaki ya jiƙe da hawaye. Alhaji ya gyara hula ya ce, "Kuɗin giyar da yaron nan ya sha, ai da ya haɗa garken shanu." Na gefensa, ƙato mai gemu, yana murza ido yana cewa ƙurar hunturu ce, alhali ana tsakiyar damina.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Ɗan-gwaji, saurayin da duk abin da ya gani sai ya kai shi wurin zance. Ya haddace ƙarshen Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, inda jirgin ƙasa ya fara tafiya, Kajol na gudu, jarumi ya miƙo hannu daga ƙofa. Ya gwada da babur a kan hanyar Roni, budurwar ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, in ɗauka ta za ka yi ka taka birki." Bai karaya ba. Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, ya ji ta Kazaure zai bi, duk wanda ya dawo daga can sai ya tare shi ya tambaye shi ina aiki ya kai. Budurwar dai an kai kuɗin gaisuwarta daga Gwiwa, a mota.