Ikhtilafin Samarin Tasha

Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911 jiran jirgi yake bukatar haƙuri, shi ya sa samarin Fagge da Sabon Gari da ke zaune a tasha suka sami sararin ikhtilafi a kan mas'ala mai nauyi, wato wane gyara ya kamata a ɗora wa wasan kwamfutar nan Skyrim na 2011. Mabiya gyaran da ake kira Requiem, masu tsanani kamar malaman nahawu, suka yi fatawa cewa jarumin da kyarkeci bai kashe tun a bakin gari ba bai ɗanɗani wasa ba. Mutanen gyaran Ordinator kuwa suka ce sauƙi ya fi, a yalwata wa jarumin baiwa kawai. Hujja na bin hujja batirin kwamfutarsu ya mutu, mai shayi kuma ya nemi kuɗinsa.